Kunnen Hagun Orrin

Wani ya bar robar kare haƙoransa a kan benci, ya tauna gefenta ɗaya har ya yi fata-fata. Lemuel Broadnax ya ture ta da bayan hannu, ya zauna a gaban lokarsa, kabad ɗin da yake ajiye kayan wasa.

Safiyar Litinin ce, washegarin wasan ƙarshe, ranar da 'yan ƙungiyar Maƙera ta Port Ellery, masu buga ƙwallon Amurka, ke zuwa kwashe kayansu. Kamar kowace shekara, an jibge baƙaƙen ledojin shara a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ya zari ɗaya. Ƙarti ne da kowannensu zai iya sayen akwatin fata, amma a ledar shara ake kwashe kakar wasa. Haka suka tarar, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili.

Lokar da ke damansa ta Orrin Vasko ce. Mai ita bai iso ba tukuna.

"Lem, ka sa mini hannu a rigar nan," in ji Tavita Leota daga can ƙarshen layi, yana wurgo masa rigar wasa da alƙalami. Tavita ɗan asalin Samoa ne, shi ke tsaron gefen dama, kuma bakinsa ba ya hutawa ko a ranar makoki. "Rubuta da kyau, dalla. Bara na kai wa kakata, ta ce wace kaza ce ta bi ta kai."

"Kakarka ta iya karatu ne?"

"Ta fi ka. Ita aƙalla ta san ƙirge har uku."

Wasu suka yi 'yar dariya, sai kuma suka haɗiye ta, suna satar kallon lokar da babu kowa. Tavita da kansa ya ciji leɓe. Lemuel ya sa hannu a rigar ya mayar masa, bai ɗago kai ba.

Kakar wasan ta faro musu da rashin sa'a. Aka lallasa su a wasannin farko har mutanen gari suka fara zuwa filin da jakar takarda a ka, wai kada a gane su. Ganye na fara ja a bakin tafki sai abin ya juya. Yaron da aka ɗauko musu sabon mai jifan ƙwallo, Weston Kroll, hannunsa ya faɗa, katangar mutum biyar da ke tsare shi ta daina yoyo, suka shiga cin wasa mako bayan mako. Gidan burodin da ke titin Kasuwa ya fara toya wainar fulawa mai launin tsatsa irin na rigarsu. Coci-coci suka riƙa sallamar mutane da wuri ranar Lahadi. Tsofaffin da suka yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, waɗanda rabonsu da ganin Maƙera a wasannin fitar da gwani tun suna da gashi a ka, suka fito da tsofaffin hulunansu.

A tsakiyar katangar nan Orrin yake. Shi ke duƙawa a kan ƙwallo, mai jifa na tsaye 'yan taku a bayansa yana kiran "Hat! Hat!", shi kuma ya cilla masa ita ta tsakanin ƙafafunsa a daidai kiran da aka yi yarjejeniya a kai, ko na ɗaya, ko na biyu, ko na uku. Shekararsa ta goma sha biyu ke nan yana wannan aiki, shi ya sa ake ce masa Tsoho. Lemuel kuwa shekara shida yana duƙe a hagunsa, kafaɗa da kafaɗa.

Duk ranar Alhamis mutum biyar ɗin nan sukan ci abincin yamma a gidan mahaifiyar Orrin, inda take jibga musu pierogi, ƙullin fulawa mai cike da dankali, da albasa da man shanu har sai Tavita ya kwance bel. Wata Alhamis cikin Oktoba, Lemuel na tsaye a hagun Orrin suna wanke kwanuka, ya ce ya miƙo masa tawul. Shiru. Ya sake faɗa. Orrin na ta cuɗa tukunya yana fito. Sai da Lemuel ya taɓa shi sannan ya juyo da dukkan jikinsa, ya zuba wa bakin Lemuel ido, ba idonsa ba.

A nan Orrin ya gaya masa. Tun wani karo da aka yi da shi a wasa na huɗu kunnen hagu ya mutu. Na dama yana ji, amma da wani gurnani a ciki kamar na tsohon firji, kuma idan ya sa hular kwano, jama'a na ihu, abokan hamayya na haushi a gabansa don su ruɗa shi, ba ya rarrabe muryar Weston da ta kowa. Ya je wajen wani likita a wani gari da ba a san shi ba, an ce jijiya ce, ba ta dawowa.

"Ka gaya wa Koci," in ji Lemuel a lokacin.

"In gaya masa me? In ce ga ɗan tsakiyarka ba ya jin kira? Gobe da safe za ka ga sunan wani a lokata."

Lemuel ne ya kawo shawarar ƙafa. Idan sun duƙa, gefen takalminsa na dama yana manne da na hagun Orrin. Shi zai saurari kiran, idan lokaci ya yi ya danna, Orrin ya saki ƙwallo. Ba mai gani, ko a hoton bidiyo. A garejin gidan suka koya, tsohuwar na tsaye a bayansu da rigar girki tana kwarara "Hat! Hat!" da muryar da ta ƙoshi da sigari, tana zaginsu idan suka makara. Cikin mako biyu ƙafar Lemuel ta zama kunnen Orrin. Sau ɗaruruwa ya danna, ba a taɓa samun kuskure ba, har Koci Haskew, mai horar da 'yan katanga, yana nuna wa yara bidiyonsu yana cewa su kalli yadda ake tashi tare.

Jiya kuwa cin wasa ɗaya ya rage musu su wuce zuwa wasannin fitar da gwani. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, ana gabansu da maki huɗu, ƙwallo na yadi biyu daga layin ci, kuma damar ƙarshe ce. Da suka haɗa kai, Weston ya ce, "A kan uku. A kan uku." Sau biyu ya faɗa, ya kuma ɗaga yatsu uku a gaban cikinsa, kamar yadda ya saba. Orrin ya ga yatsun. Lemuel ya ji da kunnensa. Amma tun da aka fara wasan a kan biyu suke tashi, ga wani ƙaton da ke gabansa yana huci kamar sa, ga dusar ƙanƙara na shiga ta gaban hula. Weston ya ce "Hat!", ya sake cewa "Hat!", ƙafar Lemuel ta danna da kanta.

Orrin ya saki. Weston na kallon gefe, ƙwallo ta daki kafaɗarsa ta yi tsalle, wani mai farar rigar abokan hamayya ya faɗa a kanta. Filin ya yi tsit, irin shirun da har kana jin ƙarar tutoci a saman rufi.

Tun daga lokacin babu tashar da ba ta maimaita hoton ba, kuma abu ɗaya kowa ke gani: ɗan tsakiya ya saki ƙwallo kafin lokaci. A hanyarsa ta zuwa yau da safe Lemuel ya kunna rediyo, wani mai kira daga unguwar Gangare yana cewa shekara talatin yana riƙe da tikitin kujerar da ubansa ya bar masa, kuma da hannunsa zai tuƙa Vasko zuwa tashar jirgi. Ya kashe.

Ƙofa ta buɗe, Orrin ya shigo da ledarsa a hannu, sanye da tsohuwar rigar sanyi mai kwalliyar murabba'i. Hira ta ɗauke.

"Wa ya mutu?" ya ce. "Tavita, in ka gama kallona ka dawo mini da cajata."

"Wace caja, Tsoho? Wadda ka ara a wajena tun Agusta?"

Ɗakin ya saki numfashi. Aka ci gaba da ƙarar ledoji.

Lemuel ya jira Orrin ya cire hula, sannan ya taɓa gwiwar hannunsa ya nuna masa ɗakin bahon ƙanƙara da haɓa. Babu kowa a ciki, an zubar da ruwan, sai warin magani. Orrin ya jingina da baho ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya.

"Ka yi barci?" ya tambaya.

"'Yan jarida za su shigo an jima. Zan faɗa."

"Ka faɗi me?"

"Ni ne. Ni na danna."

"To. Sai su ce, ka danna me? Ka ce ƙafarsa. Su ce, don me kake danna ƙafarsa, soyayya kuke yi?" Orrin ya murza wuyansa. "Ka yi tunani mana, Lem. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya, ko nan suka sallame shi, wata ƙungiya za ta kira shi cikin bazara idan nasu ya karye. Kurma fa? Wa zai kira kurma?"

"Ba ka ji abin da suke faɗa a rediyo ba."

"Ai amfanin abin ke nan. Rabi kawai nake ji."

"Ba wasa nake ba, Tsoho."

"Ni ma haka. Shekara ɗaya nake so. Ɗaya tak, ko a ina ne. Ba na so abin da za a tuna da ni ya zama na jiya." Ya dafa kafaɗar Lemuel. "Ka rufe bakinka. Ba roƙonka nake don kai ba."

Lemuel ya gyaɗa kai. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne yadda ƙirjinsa ya yi sakayau a daidai wannan lokaci, kamar an ɗauke masa ƙarfen atisaye daga kai. Ya kwana yana shirya kalmomin, ya zo da su har bakinsa, amma da aka ce ya ajiye, bai yi gardama ta biyu ba.

"Mama fa?" ya ce.

"Ta kalla a talabijin." Orrin ya kawar da ido. "Ta kashe ta tafi ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke."

Ita kaɗai ce a duk garin ta san wace ƙafa ce ta motsa.

Da aka buɗe wa 'yan jarida ƙofa, kai tsaye suka nufi loka ɗaya. Suka yi wa Orrin zobe da fitilu da wayoyi, har wani ya taka ledar Lemuel bai sani ba. Lemuel na tsaye a gefe yana naɗe igiyar takalmin da ba ta buƙatar naɗi.

"Orrin, me ka ji a wannan lokacin?" Wata mata ce mai furfura daga jaridar gari, wadda ta fi shekara ashirin tana bin ƙungiyar. Daga damansa take, ya ji ta.

"Na ji biyu, na ɗauka uku ne. Hannuna ne a kan ƙwallo, ba na kowa ba."

"Weston ya faɗi lissafin a sarari?"

"Sarai. Kada wanda ya taɓa yaron nan. Ya yi aikinsa."

"Kana ganin shekaru ne suka fara..."

"Shekaru ba sa riƙe ƙwallo, malama. Ni ne."

Wani daga hagu ya jefo tambaya a kan kwantiraginsa da ya ƙare jiya. Orrin bai juya ba. Mutumin ya sake yi da ƙarfi, har wasu suka fara kallon juna. Lemuel ya ji ƙafarsa ta matsa da kanta ta taɓa gefen takalmin Orrin. Orrin ya juya nan take ya ce, "Wannan sai ka tambayi na sama."

Matar mai furfura ta juyo ga Lemuel. Idonta irin na malaman firamare ne, masu jira.

"Kai da ke gefensa shekara shida, ka taɓa ganin ya yi haka?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"To me ya faru jiya?"

Fitila ta haske masa fuska. Ya ji Orrin a gefensa, bai motsa ba, bai ko kalle shi ba.

"Abin ya zo da sauri," in ji Lemuel. "Mu duka muka yi rashin. Tare muke ci, tare muke faɗuwa."

Ta rubuta, ko ta yi kamar ta rubuta. Maganar da kowane ɗan wasa ke yi ce tun kafin a haife shi, ba jaridar da za ta buga ta.

Bayan an fitar da su, aka aiko kiran Orrin ya hau sama, ofishin shugabannin ƙungiya. Ya ajiye ledarsa rabi a cike ya tafi. Tavita ya zo ya zauna a wajen, benci ya yi ƙara.

"Ka san abin da ke ba ni haushi?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan ya buga wasa biyu da karyayyen yatsa, yana cilla ƙwallo da shi. Ba wanda ya kira rediyo a kan wannan." Ya dubi Lemuel. "Kai lafiya kuwa? Ka yi kama da wanda ya haɗiyi safa."

"Gajiya ce."

"Je ka ci wani abu. Akwai sauran fukafukin kaza a kicin, in dai 'yan bayan nan ba su share ba. Kamar fara suke."

Lemuel ya tashi, ba don yunwa ba. A dogon barandar da ke zuwa kicin, inda aka jera hotunan tsofaffin 'yan wasa, ya yi kiciɓis da Koci Haskew yana saukowa daga bene da kofin kofi a hannu. Gajeren mutum ne mai ɗingishi, shi ma a katanga ya yi zamaninsa.

"Broadnax. Dama kai nake nema. Zo nan."

Suka tsaya a jikin taga. A waje ana kwashe dusar ƙanƙara daga filin atisaye da ba wanda zai taka sai bazara.

"Ba za su sabunta wa Vasko ba," in ji Koci. "Na yi magana, ba a saurare ni ba. Da an ci wasan jiya da wataƙila sun ba shi shekara ɗaya. Amma da wannan hoton yana yawo..." Ya kurɓi kofi ya yamutsa fuska. "Shekara goma sha biyu, ka ga yadda take ƙarewa."

Ya juyo ya dubi Lemuel.

"Ba na son in ɗauko baƙo in sa a tsakiya. Kai nake so ka matsa. Ka san kiran, ka san yaran, Weston ya yarda da kai. Ka samu ƙwallo ka fara cillawa a gida tun yanzu, ko matarka ce ta riƙa cafewa. Ina son mutumin da kansa ba ya ruɗewa idan wuta ta yi wuta."

"Koci."

"Na'am?"

Ga shi nan, su biyu ne, ba fitila, ba waya. Haskew ba mai yawo da magana ba ne. Amma dole ya hau sama da ita, na sama kuma suna waya da na sauran ƙungiyoyi kullum, kafin Juma'a kowa ya san kunnen Orrin. Wannan gaskiya ne, Lemuel ya san gaskiya ne. Ya kuma san cewa ko da ba gaskiya ba ne, da wuya bakinsa ya buɗu. Bai iya raba dalilan biyu ba, sun cakuɗe kamar igiyoyin takalma a cikin leda.

"Ba komai," ya ce. "Na gode, Koci."

Haskew ya daki kafaɗarsa ya wuce yana ɗingishi.

Da ya koma, ɗakin ya kusa zama kango. An kashe kiɗa, ma'aikata sun fara tura kwandunan wanki. Tavita ya tafi. Orrin ya dawo, yana tsaye ya fuskanci lokarsa, yana ciro abubuwa ɗaya bayan ɗaya: safar hannu, kwalbar maganin ciwon gaɓoɓi, hoton mahaifinsa da hular masana'anta, wani zanen ƙato mai lambar rigarsa, sittin da ɗaya, da wani yaro ya aiko masa. Ba ya sauri. Kowanne sai ya juya shi ya duba kafin ya sa a leda.

Lemuel ya tsaya a gaban tasa lokar, inda ya saba tsayawa. Ya kalli rataye-ratayen da babu komai a kansu.

"Ka yafe mini, Orrin," ya ce. "Na ji shi sarai, uku ya ce. Ban san abin da ya shiga ƙafata ba. Kuma ɗazu da ka ce in yi shiru, daɗi na ji. Ka ji? Daɗi na ji. Yanzu ma wajenka suka ba ni, na ce na gode."

Orrin na ƙoƙarin ɓamɓare wata ƙugiya da ya liƙa a bangon loka, yana ɗan fito ta tsakanin haƙora.

Lemuel ya dubi kunnen da ke gabansa, jawur saboda sanyi, da ɗan tabo a samansa. Taku biyu ne zuwa ɗaya gefen. Ko ya miƙa hannu ya taɓa shi, zai juyo da dukkan jikinsa ya kalli bakinsa. Ya tsaya a inda yake, hannuwansa a aljihu.

Ƙugiyar ta fita. Orrin ya jefa ta a leda, ya ƙulle bakin ledar sau biyu, ya saɓa ta a kafaɗa. Ya juyo ya dubi Lemuel, ya ɗan ɗaga gira kamar mai tambayar ko an yi magana. Lemuel ya girgiza kai.

Orrin ya gyaɗa nasa. Ya sa hula, ya bi ta tsakanin kwandunan wanki, ya tura ƙofar baya da ƙafa, wadda ke fita wajen ajiye motoci ba ta gaban 'yan jarida ba. Iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa ledojin da suka rage a ƙasa, sannan ƙofar ta koma a hankali ta rufe.